Shin guguwar rana tana iya nuna lokacin da ƙasa za ta girgiza?

"Malam, ina bin wasu mutane a YouTube da Facebook da ke duba abin da ke faruwa a jikin rana, sai su ce nan da kwana kaza za a yi babbar girgizar ƙasa. Sau da yawa kuma sai ka ji an yi. An ce ma akwai wanda ya faɗi girgizar Turkiyya ta 2023 kwana uku kafin ta auku. Shin wannan ilimi ne da masana suka ƙi karɓa don bai fito daga jami'a ba, ko kuwa dace ne kawai?"

Na gode da tambayarka, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani. Na farko, ko akwai wata alaƙa tsakanin abin da rana ke yi da motsin ƙasa. Na biyu, in ma alaƙar tana nan, ko ta kai ƙarfin da mutum zai tsayar da lokaci da wuri ya ce wa jama'a su fice daga gidajensu. A kan na farko, an yi shekaru da dama ana nema, kuma har yau ba a samu alaƙar da ta jure bincike ba. A kan na biyu, amsar ita ce a'a. Babu wanda ya taɓa nuna hanyar da ke faɗin babbar girgiza tun kafin ta zo, a maimaita ta kuma ta ci gaba da yin daidai, ko mai duban rana ne ko farfesa ne a jami'a. Amma tunda ka ga wasu maganganunsu sun yi kama da gaskiya, bai kamata in tsaya a nan ba.

Abin da rana ke yi da gaske

Waɗannan mutane ba ƙirƙirar alƙaluma suke yi ba, kuma hakan ne ke sa maganarsu shiga kunne. Rana tana da lokacin lafawa da lokacin tashi, zagaye ɗaya yana ɗaukar kimanin shekara 11. Idan ta tashi, baƙaƙen tabo suna yawaita a fuskarta, tana yin tartsatsi mai ƙarfi wanda haskensa ke iso mu cikin minti takwas da 'yan daƙiƙu, wani lokaci kuma ta amayo tarin iskar gas mai ɗauke da lantarki da ke ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku kafin ta iso duniya. Idan wannan aman ya daki maganaɗisun da ke kewaye da duniyarmu, shi ne ake samun guguwar maganaɗisu. A watan Satumba na 1859 irin wannan guguwa ta rikita wayoyin tangaraho a Turai da Amurka. A 13 ga Maris 1989 ta kashe wutar lantarkin lardin Quebec na Kanada na kusan awa tara. A watan Mayu na 2024 an sake yin wata babba har aka ga hasken sararin samaniya a ƙasashen da ba su saba ganinsa ba. Hukumomin kimiyya na Amurka irin su NOAA da NASA suna sa waɗannan bayanai a intanet kyauta, kowa na iya ɗauka.

To daga nan ne tunanin ke tasowa: abin da ya iya ƙona na'urorin rarraba wuta, me zai hana ya motsa ƙasa?

Inda ƙarfin girgiza yake fitowa

Ɓawon duniya a tsattsage yake, manyan falale ne na dutse da ke tafiya a hankali, 'yan santimita a shekara. Inda falale biyu suka haɗu, gogayya takan riƙe bakinsu su maƙale, alhali sauran jikinsu na ci gaba da tafiya. Dutsen ya yi ta lanƙwasa yana tara ƙarfi na shekaru ɗari ko ɗaruruwa, har ranar da riƙon ya gaza, tsagar da ke tsakanin falalen biyu ta zame mita da yawa cikin daƙiƙu. Harry Fielding Reid ne ya fayyace wannan bayan girgizar San Francisco ta 1906, ta hanyar kwatanta awon filaye na kafin girgizar da na bayanta. Tsagar da ta ɓalle a Turkiyya ranar 6 ga Fabrairu 2023 tana tara motsin kusan santimita ɗaya ne a shekara, kuma ta daɗe tana tarawa kafin a haifi duk wanda ke raye a yau.

Idan ina koyar da wannan darasi, nakan ɗora bulo a kan katako mai kaushi, in ɗaura masa roba, in sa ɗalibi ya riƙa jan robar sannu a hankali ba tare da sauya gudu ba. Robar ta yi ta miƙewa bulon na zaune daram, can sai ya yi tsalle gaba. Sai in ce wa ajin su faɗi lokacin tsalle na gaba da nisansa. Suna ganin bulon da idonsu, suna ganin robar, hannun mai ja bai sauya ba, amma wani lokaci bulon ya ɗan gusa kaɗan sau uku a jere, wani lokaci ya yi shiru ya daɗe sannan ya zabura da nisa. Ba sa iya faɗa. Tsagar gaske kuwa tana can ƙasa kilomita goma ko ashirin, wata ma har ɗaruruwa, inda babu na'urar da ke auna yawan ƙarfin da ya taru a kowane taku nata.

Yanzu mu auna abin da rana ke kawowa. Ƙarfin maganaɗisun duniya a doron ƙasa yana tsakanin nanotesla 25,000 zuwa 65,000, gwargwadon inda kake (nanotesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). Guguwar 1989, duk da girmanta, ta sauya shi ne da kusan nanotesla 600 a ma'aunin da ake amfani da shi na duniya baki ɗaya. Gaskiya ne wannan sauyi yana haifar da lantarki mai gudana a cikin ƙasa, kuma shi ne ke bi ta dogayen wayoyi ya yi ɓarna. Amma gudanar lantarki a waya daban, tura dutse mai kaurin kilomita ashirin daban. Idan aka lissafa matsin da wannan lantarki ke yi wa dutse, bai kai ko kusa da matsin da jan wata ke yi masa kullum ba.

Maganar wata tana da amfani a nan. Jan wata da na rana ba teku kaɗai yake ɗagawa ba, busasshiyar ƙasa ma tana hawa da sauka da kimanin santimita 30 a wasu wurare, sau biyu a yini. Wannan motsi ne na zahiri da ake aunawa. Duk da haka matsin da yake yi wa tsaga ya gaza wanda girgiza ke saki da kusan ninki dubu. A 2016 Satoshi Ide na Jami'ar Tokyo da abokan aikinsa sun nuna cewa manyan girgizoji sun ɗan fi faɗowa a lokacin da wannan ja ya yi ƙarfi. Ɗan fifiko ne da sai an tara girgizoji masu yawa ake hango shi, kuma ba ya gaya wa kowa ranar da zai bar gida, domin jan yana yin ƙarfi sau biyu a kowane wata ba tare da an yi komai ba.

Hujjarsu mafi ƙarfi

Masu duban rana da suka san abin da suke yi sukan ce ai ba su ce rana ce ke tara ƙarfin ba, cewa suka yi tsagar da ta riga ta cika, ɗan taɓi kaɗan ya ishe ta. Wannan magana ce mai ma'ana, ba na kuma raina ta. Mun san ƙananan abubuwa suna tunzura girgiza. Cika madatsar ruwa ta Koyna a Indiya ya zo da girgiza mai maki 6.3 a 1967. Girgizar Landers ta Kalifoniya a 1992 ta tayar da ƙananan girgizoji a wuraren da suka fi kilomita dubu nisa. Saboda haka ba za a kore batun rana da baki kawai ba, sai an ƙirga.

An kuwa ƙirga. A 2013 Jeffrey Love da Jeremy Thomas, a wani aiki na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, sun jera tarihin girgizoji kusa da yawan tabon rana da gudun iskarta da guguwar maganaɗisu, ba su samu alaƙar da ta wuce abin da dace kaɗai zai iya bayarwa ba. A 2020 wasu masu bincike a Italiya sun wallafa cewa sun ga alaƙa a bayanan shekara 20 na tauraron ɗan'adam mai suna SOHO, kuma wannan takarda ce aka fi yaɗawa a shafukan da kake bi. Ta sha suka daga wasu masana a kan yadda aka yi lissafin, kuma ba ta haifar da hanyar da ta faɗi girgiza ko ɗaya ba.

Akwai ramuka biyu da irin wannan bincike ke yawan faɗawa. Babbar girgiza takan zo da ɗaruruwan 'yan rakiya, wato ƙananan girgizojin da ke biyo bayanta, to idan ta dace da mako mai guguwar rana kuma ba a cire 'yan rakiyar ba, abu ɗaya sai ya koma hujja ɗari. Na biyu, rana tana da ma'aunai da yawa: tabo, tartsatsi, gudun iska, yawan ƙwayoyin da ke cikinta. Ga kuma zaɓin jinkiri, kwana ɗaya ko uku ko bakwai, ga zaɓin girman girgiza. Wanda ya gwada haɗi hamsin, da wuya ya rasa ɗaya da zai yi kyau a zane.

Tarihi ma bai goyi bayansu ba. Girgiza mafi girma da aka taɓa aunawa, ta Chile a 1960 mai maki 9.5, ta zo ne rana na cikin tashi. Mai bi mata, ta Alaska a 1964 mai maki 9.2, ta zo ne a shekarar da rana ta lafa. Girgizar Sichuan ta ƙasar Sin a 2008 ta faɗo ne a lokacin da fuskar rana ta yi kwanaki masu yawa babu tabo ko ɗaya. A 2024 kuwa, shekarar da aka sanar rana ta kai ƙololuwar tashinta, ba a yi girgiza mai maki 8 ba a ko'ina.

Misalin da suka fi so shi ne Japan. Rana ta yi babban tartsatsi a 9 ga Maris 2011, kwana biyu bayan haka aka yi girgizar Tohoku da igiyar tsunami. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a wannan yini na 9 ga Maris an yi girgiza mai maki sama da 7 a daidai wannan yanki na teku, kuma ta riga tartsatsin da kusan awa 20. Tsagar ta riga ta fara motsi.

Me ya sa to kake ganin suna dacewa?

Saboda ƙasa ba ta hutawa. A matsakaici ana yin girgiza mai maki 7 ko fiye kusan sau 15 a shekara, mai maki 6 fiye da sau ɗari, mai maki 5 kuwa fiye da dubu. Idan ka ɗauka mai maki 6 tana zuwa sau 140 a shekara, duk wanda ya ce "za a yi babbar girgiza cikin kwana uku" bai faɗi wuri ba, lissafi ya ba shi kusan biyu cikin uku na dacewa ko da bai taɓa kallon rana ba. Idan ya ce mako guda, ya haura tara cikin goma. Adadin gaske yakan ɗan yi ƙasa da haka don girgizoji suna zuwa a rukuni, amma har yanzu ribar tana wajensa. Idan ya ƙara da ambaton Indunusiya ko Japan ko Chile, inda ƙasa ke motsi kusan kullum, sai ya zama kamar ya faɗi wuri ma.

Mutumin da ka ambata Frank Hoogerbeets ne, ɗan ƙasar Holan, kuma shi ya fi dogara ne da jeruwar duniyoyi a sararin samaniya, ba tartsatsin rana ba. Abin da ya rubuta a 3 ga Fabrairu 2023 shi ne, ko ba daɗe ko ba jima za a yi girgiza mai maki kusan 7.5 a yankin da ya haɗa kudancin Turkiyya da Jodan da Siriya da Labanan. Ka lura babu takamaiman lokaci a ciki, kuma yankin ƙasa huɗu ne. Masanan Turkiyya irin su Naci Görür sun yi shekaru suna gargaɗi a kan wannan tsaga, hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, AFAD, har atisaye ta yi a Kahramanmaraş a 2019 bisa ɗaukar cewa an yi girgiza mai maki 7.5. Kowa a wannan fanni ya san za ta zo. Ranar ce babu wanda ya sani, kuma saƙon nasa bai faɗe ta ba.

Hasashen da ya amsa sunansa sai ya ƙunshi abu uku: lokaci, wuri, da girma. Duk lokacin da masu irin wannan tunani suka kuskura suka faɗi ukun, an ga sakamako. A 1974 John Gribbin da Stephen Plagemann sun fitar da littafin The Jupiter Effect, suka ce jeruwar duniyoyi a 1982 za ta tayar da rana, ranar ta taɓa juyawar duniya, tsagar San Andreas ta ɓalle a kan Los Angeles. Shekarar ta wuce lafiya, Gribbin kansa ya janye daga maganar. A 1990 Iben Browning ya ce akwai yiwuwar rabi da rabi a yi babbar girgiza a yankin New Madrid na Amurka a farkon Disamba saboda jan wata da rana. Aka rufe makarantu, 'yan jarida suka cika garin, ba abin da ya faru.

Wannan ne ke damuna a lamarin. Mutanen da suka taɓa ganin gini ya rufta a kan 'yan'uwansu ba sa ɗaukar irin wannan saƙo da wasa. Sukan kwana a waje cikin sanyi da yara da tsofaffi. Idan aka yi haka sau biyu sau uku ba a ga komai ba, ranar da hukuma za ta yi gargaɗi na gaskiya a kan tsunami ko 'yan rakiyar girgiza, kunnuwa sun riga sun gaji.

Batun jami'a

Zargin cewa masana na ƙin magana don mai ita ba ɗan boko ba ne, tarihin wannan fanni kansa ya ƙaryata shi. Wanda ya gano zagayen tabon rana, Heinrich Schwabe, mai haɗa magani ne a garin Dessau na Jamus. Ya yi shekara 17 yana duban rana duk yinin da gari ya yi haske yana rubutawa, kafin ya fitar da sakamakonsa a 1843. An karɓa domin littafin awonsa yana nan, kowa na iya duba shi, har da kwanakin da bai ga komai ba.

Masana kuma da ma'auni ɗaya ake auna su, sun sha faɗuwa a kansa. A shekarun 1980 an yi hasashen cewa girgiza mai maki 6 za ta auku a Parkfield na Kalifoniya kafin 1993, aka cika wurin da na'urori, sai ga ta a 2004, ba tare da wata alama bayyananniya ba. A ƙasar Sin an kwashe mutane kafin girgizar Haicheng ta 1975 saboda ƙananan girgizoji da suka yi ta share fage, aka ceci rayuka da yawa. Shekara ɗaya da rabi bayan haka girgizar Tangshan ta zo babu gargaɗi, ta kashe sama da mutum 240,000.

Iyakar abin da zan iya ce maka a nan take. Kimiyya ba ta iya tabbatar da cewa tasirin rana a kan tsaga sifili ne tas. Abin da ta nuna shi ne, in ma yana nan, ya yi ƙanƙantar da bayanan fiye da shekara ɗari ba su fito da shi fili ba, kuma abin da ya yi wannan ƙanƙanta ba zai faɗi lokacin girgiza da inda za ta auku ba.

Abin da aka iya yi ƙiyasi ne na dogon lokaci. USGS ta ce akwai yiwuwar kashi 72 cikin ɗari a yi girgiza mai maki 6.7 ko fiye a yankin San Francisco cikin shekara 30, kuma da irin wannan adadi ake tsara dokar gini. Bayan girgiza ana iya ƙiyasta yawan 'yan rakiyarta, bisa ƙa'idar da Fusakichi Omori ya fitar tun 1894. Akwai kuma gargaɗin daƙiƙu da ake yi a Japan da Meksiko da yammacin Amurka: na'ura ta ji igiyar farko mai sauri, ta aika saƙo ya riga igiyar da ke rusa gini isowa, a tsayar da jirgin ƙasa, mutum ya shige ƙarƙashin tebur. Bambancin da gini ke kawowa kuwa an gan shi a 2010. Girgizar Chile mai maki 8.8 ta fi ta Haiti mai maki 7.0 ƙarfi da kusan ninki 500, amma waɗanda suka mutu a Chile ɗari biyar ne da 'yan kai, a Haiti sun haura dubu ɗari.

Yadda za ka gwada da kanka

Ba sai ka yarda da ni ba. Ka zaɓi mutum ɗaya cikin waɗanda kake bi, ka buɗe littafi. Duk lokacin da ya yi hasashe, ka rubuta kwanakin da ya bayar, iyakar wurin, da mafi ƙarancin makin da ya faɗa. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin ukun, ka rubuta shi a gefe a matsayin wanda ba ya gwaduwa, za ka kuma yi mamakin yawan da za su faɗa wannan layi. Idan wa'adin ya cika, ka duba kundin girgizoji na USGS, kyauta ne. Kada ka yi masa rangwame: in ya ce maki 7 aka yi 5.8, kuskure ne, in ya ce Japan aka yi a Filifin, kuskure ne. Ka kuma rubuta manyan girgizojin da suka auku bai ce komai a kansu ba.

A shafin da ke kallon nasa, ka yi naka hasashen a kan wurare iri ɗaya da tsawon kwanaki iri ɗaya, amma ka zaɓi ranakun ta hanyar ƙuri'a. Haka nake sa ɗalibai su yi da duk wata sabuwar hanya da aka kawo musu. Bayan wata shida ka ƙirga shafukan biyu. Idan nasa ya zarce na ƙuri'arka da tazara mai yawa, ka riƙe abin da masana za su so su gani, mujallun kimiyya kuma za su duba shi. Ka riƙa ɗaukar hoton kowane saƙo a yinin da aka wallafa shi, domin a waɗannan shafuka ana iya gyara rubutu ko goge shi bayan wa'adi ya wuce.